Santambul: Tsohon Birnin Sarakuna Da Ake Jayayya A Kan Gadonsa

Ran Juma'a 24 ga watan Yuli, 2020, dubban Musulmi suka yi sahu a ciki da wajen ginin Aya Sofiya a birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, suka yi sallar Juma'a wadda rabon da a yi irinta a wurin shekara 86 ke nan. A wannan rana kuma, a ƙetaren teku can ƙasar Girka, an sassauto da tutoci, majami'u suka yi ta kaɗa ƙararrawa irin ta zaman makoki. Gini ɗaya ne, rana ɗaya, amma waɗansu suna murna an mayar musu da masallacin kakanninsu, waɗansu kuwa suna baƙin ciki an sake karɓe musu majami'ar kakanninsu.

Wanda yake so ya gane dalilin wannan saɓani sai ya koma baya da nisa, domin kuwa birnin da Hausawan da suke kira Santambul ya yi kusan shekara 1,600 yana zaman hedkwatar manyan dauloli, kuma kowace daula da ta zo ta yi gininta ne a bisa kafaɗar wadda ta gabace ta.

Asalin Birnin

Birnin yana zaune ne a bakin mashigin ruwan Bosforus, wanda ya raba nahiyar Turai da ta Asiya, ya kuma haɗa Baƙin Teku da tekun Marmara. Duk jirgin da zai fito daga Baƙin Teku zuwa Bahar Rum tilas ne ya bi ta gabansa. Wannan matsayi shi ne arzikin birnin, shi ne kuma ya ja masa idon maƙiya a kowane zamani.

Girkawa ne daga garin Megara suka kafa shi kimanin shekara 660 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, suka sa masa suna Bizantiyum. Ya daɗe yana zaman garin ciniki kawai, har zuwa lokacin da Sarkin Rum Kustantin ya zaɓe shi ya zama sabuwar hedkwatarsa. Aka yi bikin buɗe shi ran 11 ga watan Mayu, shekara ta 330, daga nan kuma sunan sarkin ya bi shi, Larabawa suka riƙa ce masa Kustantiniyya.

Tun daga farko da kayan waɗansu aka ƙawata birnin. A tsohon filin sukuwa, wanda yanzu yake gaban masallacin Sultan Ahmad, har gobe akwai dogon dutsen nan mai tsini da Fir'auna Tutmos na Uku ya sassaƙa a Masar, aka ɗauko shi aka kafa a nan a shekarar 390. Kusa da shi akwai ginshiƙin tagulla mai siffar macizai, wanda Girkawa suka ƙera don tunawa da nasararsu a kan Farisawa a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ciro shi daga garin Delfi. A zamanin Sarki Tiyodosiyus na Biyu kuma, wajen shekarar 413, aka gina babbar ganuwar da ta tsare birnin ta fuskar tudu, mai tsawon kusan kilomita shida, wadda ta yi shekara dubu tana mayar da mayaƙa gida hannu biyu.

Ginin Aya Sofiya

A shekarar 532 wata tarzoma ta ɓarke a birnin, aka ƙone babbar majami'a. Sarki Jastiniyan ya ba da umurni a gina wadda ba a taɓa ganin irinta ba, ya danƙa aikin a hannun masana lissafi biyu, Antemiyus da Isidor. Cikin ƙasa da shekara shida aka gama, aka buɗe ta a watan Disamba na shekarar 537. Ma'anar sunan Aya Sofiya da Girkanci ita ce Hikima Mai Tsarki. Faɗin ƙubbarta ya kai mita 31, tsayinta daga ƙasa kuma kimanin mita 55. Ƙubbar farko ta rufta a shekarar 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ɗora wata a 562, wadda ita ce har yanzu take tsaye, ko da yake an sha yi mata gyara.

Ya kamata a lura cewa jayayya a kan wannan gini ta fara ne tun a tsakanin Kiristoci su da kansu. Daga wajen shekarar 726 zuwa 843 an yi ta rikici a daular a kan halaccin ajiye hotuna a wuraren ibada, har aka lalatar da masu yawa. Sai bayan da masu goyon bayan hotuna suka yi rinjaye aka yi hoton Nana Maryamu da ɗanta a can saman gabashin ginin, a shekarar 867, da ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya. A cikin wannan majami'a ce kuma, a shekarar 1054, wakilin Paparoma ya ajiye takardar yanke hulɗa da shugaban cocin Kustantiniyya, abin da ake ɗauka a matsayin mafarin rabuwar Katolika da cocin Otodoks na gabas.

Mafi munin ɓarnar da birnin ya taɓa gani ta zo ne daga Kiristocin yamma. A shekarar 1204 mayaƙan Yaƙin Gicciye na huɗu, waɗanda suka fito da niyyar zuwa Masar da Ƙudus, suka karkata suka afka wa Kustantiniyya, suka wawashe ta. Dawakin tagulla huɗu da suka kwashe daga filin sukuwa har yau suna birnin Benis na Italiya. Sai a shekarar 1261 Rumawan gabas suka karɓo birninsu, amma bai sake komawa kan ƙarfinsa na da ba. Birnin da masana suka ƙiyasta yana da mutum wajen rabin miliyan a zamanin Jastiniyan, kafin shekarar 1453 bai fi mutum dubu hamsin ba.

Zuwan Musulmi

Musulmi sun daɗe da sa ido a kan Kustantiniyya, saboda hadisin da ya yi bushara da buɗe ta. Tun zamanin Halifa Mu'awiya aka fara kai mata hari, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ne Sahabi Abu Ayyubal Ansari, wanda ya sauki Annabi sallallahu alaihi wasallama a gidansa a Madina, ya rasu aka binne shi kusa da ganuwar birnin. An sake kewaye ta a shekarar 717 zuwa 718 a ƙarƙashin Maslama ɗan Abdulmalik, amma ganuwa ta ƙi ba da hanya.

Sai bayan shekara ɗari bakwai da wani abu wannan buri ya cika a hannun Turkawan gidan Usman, wato daular da ta samo sunanta daga kakansu Usman Gazi. Sarki Muhammadu na Biyu, yana da shekara 21 da haihuwa, ya kewaye birnin ran 6 ga watan Afrilu, 1453, da manyan igwa waɗanda wani maƙeri mai suna Orban ya zuba masa. Da Rumawa suka toshe bakin tashar jiragensu da sarƙa, sai ya sa aka ja jiragen ruwa ta kan tudu aka zuba su a bayan sarƙar. Bayan kwana 53, ran 29 ga watan Mayu, birnin ya faɗi, Sarkin Rum na ƙarshe Kustantin na Goma Sha Ɗaya ya mutu a cikin yaƙin. Mayaƙa sun kwashi ganima, an kama mutane da yawa bayi, kamar yadda al'adar yaƙin wancan zamani take. Sarki Muhammadu, wanda tun daga ranar ake masa laƙabi da Alfatih, ya mayar da Aya Sofiya masallaci, ya kuma sanya ta cikin waƙafinsa.

Sabon sarkin bai so ya mallaki kango ba. Ya kawo mutane daga sassan daularsa, Musulmi da Kirista, ya zaunar da su. A shekarar 1454 ya naɗa Jinadiyus shugaban cocin Otodoks, ya bar masa ikon kula da al'amuran mabiyansa, haka kuma Armeniyawa suka sami nasu shugaban. Da aka kori Yahudawa daga Sifen a shekarar 1492, Sarki Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Aka gina fadar Topkapi da babbar kasuwar nan mai rufi, aka gina masallaci a wurin da ruwayar Turkawa ta ce nan ne kabarin Abu Ayyuba, inda daga baya ake rataya wa kowane sabon sarki takobin sarauta.

Magina na Turkawa sun ɗauki darasi daga ƙubbar Jastiniyan. Shahararren maginin nan Sinan ya gina masallacin Sulaimaniyya tsakanin 1550 da 1557 a kan irin wannan fasali, shi ne kuma ya ƙara wa Aya Sofiya manyan madogarai da hasumiyoyi. Masana gine-gine da dama suna ganin in ba don wannan aiki nasa ba, da wuya ginin ya kai yau. Hotunan Kirista kuwa ba a kankare su ba. Waɗansu sun yi ɗaruruwan shekaru a fili kafin a shafe su da farar ƙasa. A gyaran da aka yi daga 1847 zuwa 1849, zamanin Sarki Abdulmajid, aka rataya manyan faifayen nan takwas masu ɗauke da sunan Allah, da na Annabi, da na halifofi huɗu, da Hasan da Husaini.

Sunan birnin ya kai har ƙasashen Sudan ta tsakiya. A cikin shekarun 1570 Mai Idris Aloma na Borno ya aika da jakadu zuwa ga Sarki Murad na Uku, suka yi musayar wasiƙu a kan tsaron hanyar alhazai da fatake da kuma batun yankin Fezzan. Limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya ambaci 'yan bindiga Turkawa a cikin rundunar Borno.

Daga Masallaci Zuwa Gidan Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, sojojin Ingila da Faransa da Italiya suka mamaye birnin daga 1918 zuwa 1923. Mustafa Kamal, wanda daga baya aka kira Ataturk, ya jagoranci yaƙin 'yantar da ƙasar, ya soke sarauta a 1922, ya mayar da hedkwata Ankara a watan Oktoba na 1923, ya kuma soke halifanci ran 3 ga watan Maris, 1924. A 1928 aka daina rubuta Turkanci da haruffan Larabci. Daga 1930 gwamnati ta nemi ƙasashen waje su riƙa rubuta Istanbul a kan wasiƙu, su bar tsohon sunan. Abin mamaki shi ne, shi kansa sunan Istanbul yawancin masana suna ganin daga wata magana ta Girkanci ya samo asali, mai ma'anar zuwa cikin birni.

A cikin wannan yanayi ne aka ba wani Ba'amurke mai suna Tomas Witimo izni a shekarar 1931 ya fara ɓare farar ƙasar da ta rufe hotunan. Ran 24 ga watan Nuwamba, 1934, majalisar ministoci ta zartar da cewa Aya Sofiya ta zama gidan ajiye kayan tarihi, aka buɗe ta ga jama'a a watan Fabrairu na 1935. Masu ra'ayin Ataturk sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa sabuwar Turkiyya ta raba addini da mulki, ta kuma shiga sahun ƙasashen zamani. Amma Turkawa masu kishin addini da yawa sun ɗauke shi a matsayin tauye haƙƙi da neman yardar Turawa, kuma ba su daina kiran a buɗe masallacin ba tun daga lokacin.

Ta ɗaya gefen kuma, mutanen da suke ganin kansu magadan Rumawa sun yi ta raguwa a birnin. Yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta tanadi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya, amma ta keɓe Girkawan Istanbul, waɗanda a lokacin sun haura dubu ɗari. Harajin dukiya na 1942 ya fi nauyi a kan waɗanda ba Musulmi ba. A daren 6 ga watan Satumba, 1955, bayan labarin fashewar bom kusa da gidan da aka haifi Ataturk a Salonika, gungun mutane suka far wa gidaje da kantuna da majami'un Girkawa. A 1964, saboda rikicin tsibirin Kubrus, aka kori dubbai masu riƙe da fasfo ɗin Girka. A 1971 aka rufe makarantar horar da limaman Otodoks da ke tsibirin Halki. Yau Girkawan da suka rage a birnin 'yan dubbai ne ƙalilan, ko da yake kujerar shugaban cocin, wadda Batolomi na Ɗaya yake kai tun 1991, tana nan a unguwar Fener.

Hukuncin 2020

Ran 10 ga watan Yuli, 2020, babbar kotun harkokin mulki ta Turkiyya ta soke shawarar 1934. Hujjarta ita ce, ginin yana cikin waƙafin Muhammadu Alfatih a matsayin masallaci, kuma majalisar ministoci ba ta da ikon sauya abin da mai waƙafi ya gindaya. A ranar Shugaba Rajab Tayyib Erdogan ya sa hannu a kan takardar miƙa ginin ga hukumar kula da harkokin addini.

Magoya bayan wannan mataki sun ce al'amari ne na cikin gida, ba wanda zai gaya wa Turkiyya yadda za ta yi da abin da yake ƙasarta. Sun tuna wa duniya cewa babban masallacin Kurɗuba a Sifen ya koma majami'a tun 1236 kuma har yanzu haka yake, sa'an nan birnin Atina bai sami masallacin da hukuma ta amince da shi ba sai a ƙarshen 2020. Sun ƙara da cewa Turkawa sun yi shekara 481 suna salla a wurin suna kuma kashe dukiya wajen kiyaye shi.

Masu adawa kuwa suka ce ginin ya yi shekara 916 yana majami'a, kuma zamansa gidan tarihi shi ne sulhun da ya ba kowa damar shiga a matsayi ɗaya. Hukumar UNESCO, wadda ta sanya tsoffin unguwannin birnin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1985, ta nuna takaicinta cewa ba a yi shawara da ita ba. Paparoma Faransis ya ce abin ya sosa masa rai. A cikin Turkiyya ma akwai waɗanda suka ce siyasa ce, an yi ne don a ɗauke hankalin jama'a daga tsadar rayuwa, domin ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida nan daura da ginin, ba a rasa wurin salla ba. An kuma lura cewa ranar da aka zaɓa don sallar farko ta dace da ranar sa hannu a yarjejeniyar Lozan.

Tsarin da aka fito da shi shi ne a rufe hotunan da ke fuskar alƙibla da labule. Daga watan Janairu na 2024 kuma aka ware wa baƙi masu yawon buɗe ido benen sama, aka sa musu kuɗin shiga, aka bar ƙasa ga masu ibada. A watan Mayu na wannan shekara ta 2024 aka buɗe tsohuwar majami'ar Kora, wadda ta shahara da zane-zanenta, ita ma a matsayin masallaci.

Barazanar Da Ba Ruwanta Da Addini

Yayin da ake ta muhawara a kan gini ɗaya, sauran kayan tarihin birnin suna fuskantar wata matsala dabam, wato yawan jama'a da ƙishirwar fili. Birnin da bai wuce mutum miliyan ɗaya ba a 1950, yanzu ya haura miliyan goma sha biyar. A ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Adnan Mandaris ta rushe dubban gine-gine, har da tsoffin masallatai na zamanin sarakuna, don fitar da manyan tituna. Wajen shekarar 2008 aka share unguwar Sulukule da ke gindin ganuwa, inda al'ummar Romani suka yi ɗaruruwan shekaru, aka gina sababbin gidaje waɗanda tsoffin mazauna ba su iya saye ba. A 2013 shirin sake gina wani barikin soja na zamanin sarakuna a kan lambun Gezi ya jawo zanga-zangar da ta bazu a ƙasar baki ɗaya.

Wani lokaci kuma aikin zamani shi yake tono tarihin. Da aka fara haƙa a unguwar Yenikapi a 2004 don hanyar jirgin ƙasa da za ta ratsa ƙarƙashin Bosforus, sai aka ci karo da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Rumawa, aka tono jirage 37 da suka nutse, a ƙarƙashinsu kuma aka sami kaburbura da sawun ƙafar mutanen da suka zauna a wurin kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Wannan ya nuna cewa tun kafin Girkawan Megara da akwai masu gari. Binciken ya jinkirta aikin da shekaru, har hukumomi suka yi ta ƙorafi, kafin a buɗe hanyar a watan Oktoba na 2013.

Babbar fargabar masana ita ce girgizar ƙasa. Birnin yana kusa da wata tsaga ta ƙarƙashin tekun Marmara. Girgizar 1509 ta yi ɓarnar da mutanen zamanin suka kira ta ƙaramar alƙiyama, ta 1999 kuma a yankin Izmit da ke gabas da birnin ta hallaka fiye da mutum dubu goma sha bakwai. Saboda haka a 2025 hukumomi suka fara babban aikin ƙarfafa ƙubbar Aya Sofiya.

Hausawa sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Wanda ya hau benen Aya Sofiya a yau zai ga hotunan sarakunan Rum a bango, ga faifayen sunayen halifofi a gabansa, a ƙasa ga alamar kabarin Dandolo, shugaban Benis wanda ya jagoranci wawason 1204, a kan dogarin marmara kuma ga sunan wani mayaƙi daga arewacin Turai da ya kanƙara da hannunsa fiye da shekara dubu da suka wuce. Duk waɗannan a ƙarƙashin ƙubba ɗaya suke, kuma idan ta tsage ba za ta zaɓi wanda za ta faɗo a kan gadonsa ba. Ko masallaci aka kira ginin ko gidan tarihi, nauyin kiyaye shi yana wuyan waɗanda yake hannunsu yau, kamar yadda ya taɓa zama a wuyan Jastiniyan da Sinan.